Akantar da ta auna min rumfata a Katako

Shekara 11 ina sayar da masara da acca a kasuwar Katako da ke Jos, kuma duk lissafina a littafin 'yan makaranta yake. Da na je neman ƙarin jari a banki, suka ce sai na kawo takardar kadara da bashi. Ɗan ƙanwata ne ya kai ni wani ƙaramin ofishi a titin Ahmadu Bello, wata matashiyar akanta ke riƙe da shi.

Abin da ya fara burge ni, ba ta tsaya kan littafina ba. Ranar Asabar ta zo rumfa da kanta, ta sa yara suka ƙirga buhu ɗaya bayan ɗaya. Ta tura hannu cikin wani buhun masara, ta fito da gari da ƙwari a tafinta, ta ce, "Baba, wannan ba za mu rubuta shi a kuɗin da ka saye shi ba."

Sai ta ja layi a tsakiyar takarda. A hagu ta sa abin da ke hannuna: kaya na naira miliyan 6, kuɗi dubu 800, bashin da nake bin mutane miliyan 1 da dubu 200. A dama ta sa miliyan 3 da dillalan Mangu ke bi na. Ta ce ɓangarorin biyu dole su tashi daidai kamar sikeli, abin da ya cike giɓin shi ne jarina, miliyan 5. Ni kuwa da bakina nake cewa jarina ya haura miliyan 8. Ashe da kayan mutane nake ƙirgawa.

Inda ya fi min ciwo shi ne dubu 400 da wani ya ɗauki acca shekara uku ke nan, ko wayarsa ba ta shiga. Na ce a bar shi, Allah na iya kawo shi. Ta ce in ya kawo sai a rubuta, yanzu dai ba kuɗi ba ne. Na kwana ina jin haushinta, amma gaskiyarta.

Ƙorafina biyu ne. Ta ce mako ɗaya, sai da aka yi uku. Kuma takardar da Turanci take, bayanin Hausa a baki kawai ta yi min, alhali yawancinmu a Katako Hausa muke karantawa. Dubu 40 na biya, ban yi da-na-sani ba.

Kwafi ɗaya yana banki. Ɗayan na kai wa malaminmu, da shi muka fitar da zakkar bana.