Wane Sitiyarin Wasan Tseren Mota Ya Dace da Mai Farawa a Birnin Kebbi?

Matashin da ya saba buga Gran Turismo 7 ko Assetto Corsa da madannin hannu, idan ya yi niyyar sayen sitiyari, abu na farko da ya kamata ya tantance shi ne ko sitiyarin yana mayar da ƙarfi da gaske ko kuwa jijjiga kawai yake yi. Akwai masu araha da yawa a kasuwa waɗanda roba ko sifirin ne ke mayar da su tsakiya, kuma da su da madannin hannu duk kanwar ja ce. Na gaskiyar yana da injin lantarki a cikinsa, wanda wasan ke ba umarni ya ja hannun direba ko ya sake shi, ta yadda zai ji nauyin mota a kwana, ya ji lokacin da tayoyin gaba suka fara sulɓewa, ya kuma bambanta kwalta da ɓurji ba tare da ya dogara ga ido kaɗai ba.

Kafin maganar ƙarfi, sai a duba na'urar da ake da ita a gida, domin nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Logitech G29, wanda ya fito a 2015, na PlayStation ne da kwamfuta, ɗan'uwansa G920 kuma na Xbox ne da kwamfuta, kuma ɗaya ba ya aikin ɗayan. Haka Thrustmaster ke raba nasa. Tunda yawanci daga Kano, Abuja ko Legas ake aiko da irin waɗannan kaya, mayar da wanda aka saya bisa kuskure ba ƙaramin aiki ba ne.

G29 da G920 da giya masu haƙora suke aiki. Ƙarfinsu kimanin Nm 2 ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin da sitiyari ke jan hannu da shi), suna juyawa digiri 900, an lulluɓe su da fata, kuma suna zuwa da fedoji uku: totur, birki da kuloci. Aibinsu sananne ne. Haƙoran suna ƙara da kakkarwa idan mota ta hau gefen hanya, wanda ba zai yi wa mutanen gida daɗi ba da dare, sannan akwai ɗan lako a tsakiya inda hannu ba ya jin komai. Amma suna da juriya, masu su suna da yawa, kuma wanda ya gaji da nasa ba ya rasa mai saye. G923 na shekarar 2020 ya ƙara wata jijjiga da kamfanin ya kira TrueForce, wadda wasu wasanni ne kawai ke amfani da ita, alhali giyar ciki ba ta sauya ba. A ganina, idan tazarar farashinsa da G29 tana da yawa, ba ta cancanci a biya ta ba.

Thrustmaster ya bi hanyar haɗa bel da giya a T128 da T248, abin da ke rage ƙara ya kuma sa juyin ya fi laushi. T128 ya fi araha, amma jikinsa roba ce, sitiyarin ƙarami ne, fedojinsa biyu ne marasa nauyi da ke zamewa a kan tayil. T248 ya fi shi ƙarfi, yana da ɗan allo a gaba da fedoji uku.

A kan fedojin nan ne ya kamata mazaunin Kebbi ya tsaya ya yi nazari sosai, domin masu sharhi na ƙasashen waje ba su san ƙurar hunturu irin tamu ba. Fedojin Logitech suna auna taku ne da wani ɗan ƙarfe mai goga a kan wani, irin abin ƙara sautin tsohuwar rediyo, kuma idan ƙura ta shiga sai totur ya riƙa rawa ko birki ya ƙi kaiwa ƙarshe. Ana gyara wannan da buɗewa a goge, kuma duk mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya, amma aiki ne da zai riƙa dawowa daga Disamba zuwa Fabrairu idan ba a rufe kayan da zane bayan an gama wasa. Fedojin T128 da T248 kuwa da maganaɗisu suke aunawa, babu abin da ke gogar wani, don haka ƙura ba ta cika damun su ba.

Mai ɗan ƙarin kuɗi zai ji ana yabon T300 RS, kuma ya cancanci yabon: bel ne zalla, ƙarfinsa ya kusa Nm 4, yana juyawa digiri 1080, ana kuma iya cire sitiyarin a sa wani. Sai dai an san shi da ɗaukar zafi, kuma idan ya yi zafi yakan rage ƙarfinsa don kare injin. A garin da zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, wanda ba shi da ɗaki mai sanyi ya sa wannan a lissafi.

Sama da waɗannan akwai masu haɗin kai tsaye, inda sitiyarin ke zaune a kan sandar injin babu bel babu giya. A da sai masu hali, amma Fanatec CSL DD mai Nm 5 da ya fito a 2021, da Moza R5 mai Nm 5.5, da Moza R3 mai Nm 3.9, sun sauko da su kusa da mai farawa. Ba su da ƙara, kuma bayanin da suke kai wa hannu ya fi na sauran tsabta nesa ba kusa ba. R5 na kwamfuta ne kaɗai, R3 yana aiki da Xbox da kwamfuta, mai PlayStation kuma sai ya nemi Gran Turismo DD Pro na Fanatec ko Thrustmaster T598, waɗanda suka fi tsada. Matsalarsu a nan ita ce, idan wani abu ya ƙone a ciki, samun kayan gyara sai an yi odarsa daga waje.

Wannan ya kawo maganar wuta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, saboda haka duk wanda zai sayi na hannu ya karanta abin da aka rubuta a jikin na'urar ko adaftarta kafin ya jona, ya kuma sa stabilaiza tsakaninta da janareta. Ya nemi mai sayarwa ya nuna masa bidiyon sitiyarin yana juyawa da kansa dama da hagu idan aka kunna shi, da kowace feda tana kaiwa ƙarshe.

Ga mai PlayStation da ke son abin da zai daɗe, G29 ko T248 sun wadatar, kuma na fi karkata ga T248 saboda fedojinsa. Mai kwamfuta da ke da inbata ko sola, wanda ya tabbata ba sha'awar wata biyu ba ce, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin Moza R5. Kowanne aka zaɓa, a ware kuɗin mai walda ko kafinta ya haɗa tebur mai nauyi da wurin ɗaure fedoji, domin teburin roba ba ya riƙe ko da Nm 2.