Farmasin da nake sayen maganin suga a Garwa

Shekara 6 ke nan ina sayen metformin da glibenclamide a wani ɗan farmasi kusa da babbar kasuwar Garwa. Lahadin da ta wuce na yi sammakon zuwa kasuwar Pitowa, sai bayan la'asar na tuna ban sha na safe ba. Hankalina ya tashi, har na yi niyyar haɗa biyu da dare.

Allah ya sa na biya ta wajensu. Yarinyar da ke kan kanta ta ce, "Baba, kada ka ninka. Da ka tuna da wuri, da sai ka sha tare da abinci. Yanzu na dare ya kusa, bar na safen ya wuce." Ta fi ja mini kunne kan glibenclamide: in aka ninka shi ko aka sha ba a ci komai ba, suga na iya faɗuwa, jiki ya kama rawa da gumi. Ta ce in riƙa yawo da dunƙulen sukari a aljihu saboda irin haka, in kuma gaya wa likitana.

Wurin ƙarami ne, benci ɗaya tak, da yamma akwai layi. Amma da Hausa ta yi mini bayanin, ba ta karɓi ko dala ba.