Masu tsohon mangwaro a lambu ku yi hattara

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah duk mai lambu ko wanda iyayensa ke da shi ya karanta. Akwai wasu mutane da ke yawo ƙauyukan nan gefen Zariya da injin yankan katako da a-kori-kura, wai su ƙwararru ne a gyaran tsofaffin bishiyoyi, za su yi wa mangwaro aski ya koma 'ya'ya kamar da. Wallahi itace kawai suke nema.

Lambun Baffana suka shiga cikin hunturun nan, bishiyoyi 6 da kakanmu ya dasa, a lokacin ma sun fara huda. Suka karɓi dubu 40 kafin alƙalami wai kuɗin magani, a wuni ɗaya suka sare manyan rassan gaba ɗaya suka bar kututture tsaye, maganin kuma ashe baƙin mai ne suka shafa, sannan suka loda itacen wai za su taimaka masa da kwashe shara. Daga ranar lambarsu ba ta sake shiga ba. Biyu sun bushe, gara ta shiga ta inda ɓawon ya yage, Baffa har yau baya son a ɗauko maganar.

Gyaran gaskiya akwai shi, sai dai mai sani baya cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassan tsohuwar bishiya a shekara, a hankali ake yi shekara 3 ko 4, kuma bayan an gama tsinke 'ya'ya ne ba lokacin huda ba. Matattun rassa da masu gogar juna ake fara cirewa dan rana da iska su shiga tsakiya. Babban reshe kuwa sai an ɗan yanka ta ƙasa tukunna sannan a yanko ta sama, in ba haka ba nauyinsa zai salluɓe ɓawon har jikin uwar, kuma ana barin wannan ɗan kumburin na gindin reshe saboda daga nan ciwon ke rufewa. Inda rana za ta riƙa duka a shafa farar ƙasa, baƙin mai ƙona wurin yake yi.

Duk wanda ya ce muku yau zai gama kuma itacen nasa ne, kar ku bari ya tada inji, ku kira malamin gonan yankinku ya duba tukunna. Ku tura wa dattawanmu da basa shiga Facebook, su aka fi yi wa.