Hattara da mai tallar "cikakken" littafin Tafiya zuwa Yamma

'Yan'uwa masu son adabin ƙasar Sin, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana tallar wai cikakkiyar fassarar Ingilishi ta Xiyouji, wato Tafiya zuwa Yamma, haɗe da sharhin ma'anar kowane tauraron labarin. Naira dubu 8 na tura masa. Abin da ya aiko min fayil ne mai shafi 70 da 'yan kai, rabinsa hotunan da aka tsinto daga shirin talabijin na wannan labari da aka nuna a 1986. Da na yi ƙorafi, sai ya toshe lambata.

Littafin nan, wanda ake danganta wa Wu Cheng'en na zamanin daular Ming, babi 100 ne cif. Cikakkiyar fassarar Anthony Yu mujalladi huɗu ce. Ko ta Arthur Waley ta 1942, da kowa ya san taƙaitacciya ce, babi 30 ta ɗauko. Ta ina shafi 70 zai ɗauke wannan kaya?

Kuɗin bai dame ni kamar yadda mutumin ya yi wa labarin kisan mummuƙe ba. A fayil ɗinsa Sun Wukong, babban tauraron labarin, biri ne mai faɗa da sanda kawai. Alhali kanun babukan littafin kansu suna kiransa "birin zuciya", zuciyar ɗan Adam da ba ta zama wuri ɗaya. Shi ya sa aka ɗaura masa zobe a ka, wanda ke matse shi duk lokacin da malaminsa Tang Sanzang ya karanta wasu kalmomi, har ya riƙa birgima a ƙasa don azaba. Linzami ne aka sa wa zuciya. Zhu Bajie kuwa, mai kan alade, kwaɗayi ne da sha'awa, kuma sunansa na nufin hani takwas. Shi malamin an gina shi a kan Xuanzang, mabiyin addinin Buddha da ya je Indiya neman littattafai ya dawo Chang'an a 645. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a "sharhin" da na saya.

Kafin ku biya kowa, ku ce ya nuna muku sunan mai fassara da jerin babuka. Ku nemi hoton shafi daga babi na 98, inda aka fara ba Tang Sanzang da abokan tafiyarsa littattafai marasa rubutu. Jiya na sake ganin tallar, da sabuwar lamba amma hoto iri ɗaya, na kuma sanar da shugaban zauren.