Sabuwar IXUS ko tsohuwar RX100: wacce ta fi dacewa da hoton iyali?

Malama, kin ce kina neman ƙaramar kyamara wadda za ta shiga jaka, ki riƙa ɗaukar yara da taron dangi, kuma kuɗin da kika ware ba masu yawa ba ne. Kin tsaya tsakanin sabuwar Canon IXUS 285 HS da wata Sony RX100 ta hannu da kika ga kuɗinsu ya zo kusa da juna, sannan wani ya ce miki duk ki bar su ki nemi mai zum, wato jawo abin da ke nesa kusa, sau 30. Na riƙe irin waɗannan duka, don haka bari in faɗa miki yadda nake ganinsu.

Ki fara da cire maganar megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, daga lissafi, domin a nan kunnen doki suka yi: kowacce 20 gare ta. Kuma ko da ba haka ba, hoton da ake wankewa a saka a albam, mai inci 4 da 6, megafiksel 2 da ɗoriya ya ishe shi ya fito tas. Wanda za a yi wa firam mai girman takardar A4 bai kai ga buƙatar 9 ba. Lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ita ce wadda ta fi ƙarancin amfani a gare ki.

Abin da ya raba su yana ciki, inda ba a gani. Bayan gilashin kowace kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske, shi ake kira sensa. Na IXUS ɗin kusan milimita 6 ne da 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsanki ba. Na RX100, wanda ake ce wa mai inci ɗaya, milimita 13.2 ne da 8.8, wato girman filinsa ya ninka na IXUS kusan sau huɗu. Sai ƙofar da hasken ke shigowa ta cikinta, wadda ake rubutawa da harafin f a bakin gilashi. Ita kuma lissafinta a juye yake, ƙaramar lamba ce babbar ƙofa. RX100 tana farawa daga f/1.8, IXUS daga f/3.6, wannan ma ninki huɗu ne. Idan kika haɗa biyun, a ɗaki ɗaya, a ƙiftawa ɗaya, matuƙar ba a jawo hoton ba, RX100 tana kwasar haske kusan ninki goma sha shida.

Me ya sa nake nanata haske? Ki buɗe hotunan da ke wayarki ki duba inda aka ɗauki yawancinsu. A falo ne, ko a ɗaki, ko da yamma bayan rana ta yi sanyi, kuma wanda ake ɗauka yaro ne da ba ya zama wuri ɗaya. Kyamara tana buɗe ido ne ta rufe. Kafin ta tsayar da yaro mai tsalle sai ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 250 na daƙiƙa, ko kusa da haka. Idan hasken bai ishe ta ba, abu biyu ne ya rage mata: ko ta daɗe ido a buɗe, hannun yaron ya fito kamar hayaƙi, ko ta ƙara wa sensa ƙarfi da dole, fuska ta fito da yashi-yashi, launi ya mutu. Ƙaramar sensa tana shiga wannan tsaka mai wuya tun fitilar ɗaki na kunne. Mai sayarwa zai ce miki ai tana da abin hana rawar hoto. Gaskiya ne, dukansu biyun suna da shi, amma rawar hannunki yake gyarawa, ba ya riƙe yaro.

Kada in yi wa IXUS rashin adalci. Da rana a waje, in kika jera hotunansu a allon waya, da ƙyar ki bambance. Zum ɗinta sau 12 ne, daga milimita 25 zuwa 300 a ma'aunin zum, inda ƙaramar lamba ke ɗauko fili mai faɗi, babba ke jawo nesa, ita kuwa RX100 a 100 ta tsaya. In ɗanki yana can tsakiyar fili yana wasan makaranta, IXUS ce za ta kawo miki fuskarsa. Farkonta ma ya ɗan fi faɗi, 25 a kan 28, kuma wannan 'yar tazarar ita ce ke hana a yanke kafaɗar wanda ya tsaya a gefe idan an jeru a ƙaramin ɗaki. Ba ta kai giram 150 ba, RX100 kusan 240 ce. Tana tura hoto zuwa waya ba tare da igiya ba, abin da RX100 ta farko ba ta yi. Ita sai kin ciro katin memori kin sa a 'yar na'urar karanta kati. IXUS kuma ga garanti, ga sabon batir, kuma ko yaro ɗan shekara goma kika miƙa wa zai ɗauka ba sai an koya masa ba. Sai dai batirin nata ƙarami ne, hoto kusan 180 a caji ɗaya bisa gwajin kamfani, RX100 kuwa kusan 330 lokacin da batirinta ke sabo.

Kalmar "sabuwa" ɗin ma a yi mata adalci. IXUS 285 HS a 2016 ta fito, RX100 a 2012, shekara huɗu ne kawai a tsakaninsu. Dalili kuwa shi ne kasuwar ƙananan kyamarori ta durƙushe: a 2010 an fitar da sama da miliyan 100, daga nan wayar hannu ta cinye fiye da kashi 90 cikin ɗari na cinikin, har Casio ta fita daga harkar a 2018. Kamfanoni ba su ƙara zuba kuɗi a kan masu araha ba, kayan cikinsu na da ne, kwalin ne sabo.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba ki tambaya ba. Idan wayarki mai ɗan kyau ce ta shekarun nan, a cikin ɗaki ba lallai IXUS ta fi ta ba. Waya tana ɗaukar hotuna da yawa a bugu ɗaya ta narkar da su wuri guda, dabarar da waɗannan kyamarori ba su kai ta a kai ba. Inda IXUS ta sha gaban waya biyu ne: zum na gilashi, da filasha ta gaske. Fitilar waya tocila ce kawai, ita kuwa filashar kyamara walƙiya ce mai wucewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido, tana daskarar da motsi cak, muddin wanda ake ɗauka bai wuce taku uku ko huɗu ba. RX100 tana da irin wannan filasha, har da wani ɗan sirri: tata tana ɗagowa ne a kan ɗan ƙarfe, kina iya tura ta baya da yatsa hasken ya bugi silin ya sauko a hankali, fuska ba ta yin ƙyallin mai, inuwa ba ta mannewa a bango.

Mai zum sau 30 kuwa, irin su Panasonic Lumix TZ80 ko Canon SX740 HS mai sau 40, sensarsu irin ta IXUS ce. Na matafiyi ne da mai ɗaukar tsuntsu. A falo ba za su ƙara miki komai ba sai nauyi.

To ni dai, a kan aikin da kika faɗa, RX100 zan ɗauka, da tsohuwar zuma ake magani. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, ki san f/1.8 ɗin nan a farkon zum kawai yake. Da kin jawo hoto zuwa ƙarshe ƙofar ta tsuke zuwa f/4.9, rabin fa'idar ta tafi. A ɗaki ki bar zum, ki matsa da ƙafarki. In da hali ya ɗan ƙaru, RX100 III ta 2014 ta gyara wannan, domin ko a ƙarshen zum f/2.8 take, allonta yana juyowa gaba ki ɗauki kanki da yara, tana kuma tura hoto waya. Canon G7 X ma haka take, har zum ɗinta ya fi tsawo, sai dai matasa sun yi mata rububi a 'yan shekarun nan saboda hotunan da suke gani a TikTok, kuɗin ta hannu ya tashi fiye da ƙima.

Sharaɗi na biyu shi ne kada ki biya sai kin gwada da hannunki. Ni na taɓa sayen wata ta hannu a gurguje, na duba jikinta ba ƙwarzane ko ɗaya na ji daɗi, sai bayan kwana biyu na lura da wani baƙin ɗigo a gefen dama na kowane hoton da sama ta fito a ciki. Ƙura ce ta shige ta zauna a kan sensa, kuma irin waɗannan gilashinsu ba ya cirewa, sai an warware kyamarar gaba ɗaya. Tun daga nan ga yadda nake yi. In kunna in kashe sau biyar ko shida ina sauraren fitar gilashin. In yana gurnani, ko yana tsayawa a hanya, ko murfin bakinsa ba ya rufewa duka, na ajiye, domin gyaran wannan kan kusan cin kuɗin wata kyamarar. Sannan in jawo zum har ƙarshe, in sa f a babbar lamba, in ɗauki farin bango ko sararin sama, in buɗe hoton in bi shi kusurwa-kusurwa. Ƙura ba ta iya ɓuya a nan. In haska tocila cikin gilashin ko akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo, wannan fumfuna ce ta danshi, kuma yaɗuwa take yi. In ciro batir in ɗora a kan tebur, in yana lilo ya kumbura. Shi batir ba abin fasa ciniki ba ne, na RX100 ana kiransa NP-BX1 kuma har yanzu ana samunsa, amma dalili ne na neman ragi. Daga ƙarshe in gwada filasha da bidiyo, in ji ko sauti na shiga.

Idan mai ita ya ƙi a yi wannan gwajin, ko daga nesa za a aiko ba damar mayarwa, ki koma kan IXUS da garantinta, ki riƙa kunna filasha a ɗaki, ki jera mutane suna fuskantar taga maimakon su ba ta baya.

Abu ɗaya da zan roƙe ki ki kauce masa shi ne kyamarorin nan marasa sanannen suna da ake tallatawa da megafiksel 48 ko 64 da bidiyon 4K a kuɗi kaɗan. Yawancinsu ƙaramar sensa ce aka hura hotonta da manhaja, zum ɗin kuma yankan hoto ne, gilashin ba ya motsi. Araha ba ta ado. Haka kuma in an nuna miki IXUS 185 aka ce ai duk ɗaya ne da 285, ba ɗaya ba ne: tsohuwar sensa ce irin ta CCD, bidiyonta a 720 ya tsaya, kuma ba ta da abin hana rawa na cikin gilashi.

Kowacce kika ɗauka, ki rage ɗan canji na batir na biyu, da katin memori mai gigabait 32, wanda zai ɗauki hotuna dubbai, da 'yar jaka mai zif. Gilashin da ke fita yana komawa ba abin da ya tsana kamar yashi da ɓurɓushin da ke ƙasan jakar hannu. Ki kuma zura hannunki cikin igiyar nan da ke zuwa da ita duk lokacin da za ki ɗauka, musamman RX100, jikinta sumul yake ba wurin kamawa, kuma yara da sun ji ƙarar ɗauka za su rugo su ce a nuna musu.