Bas mai fetur, mai CNG ko mai lantarki: wacce za ka saya a Birnin Kebbi?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai motar haya ya san inda balas ke zurarewa: gidan mai. Shi ya sa hirar tasha ta koma kan CNG, wato matsattsiyar iskar gas, da motar lantarki. Amma kafin ka zuba kuɗinka, tambayi kanka: a ina zan sha, kuma wa zai gyara?

Homa mai fetur ba baƙuwa ba ce. Kowane bakanike daga Jega zuwa Argungu ya san cikinta, kayan gyara kuma ga su nan. Tsadar mai ce kawai ciwonta. Kosta mai dizal ta fi ɗaukar mutane da jure wahala, sai dai sai layin yana cika take biya.

CNG ce ke buƙatar natsuwa. Mu nan dizal ma "gas" muke ce masa, ga kuma gas ɗin girki, to duk ba su ba ne. CNG iska ce da ake matsewa da ƙarfin gaske, kusan "bar" 200 a ma'aunin matsin iska, don haka tukunyarta ta musamman ce, mai kauri da nauyi. Kada wani mai walda ya ce zai haɗa maka ta arha. A 2024 irin wannan tukunyar ta tarwatse da mota a birnin Benin na jihar Edo. Injin fetur ya fi sauƙin juyawa zuwa CNG, kuma tankinsa na nan, in iska ta ƙare ka danna maɓalli ka koma fetur. Na dizal ba shi da fulogi, aikinsa ya fi tsada. Ka kuma lissafa wurin da tukunya za ta cinye, wanda dā buhun shinkafar fasinja ke zama.

Matsalar ita ce nisa. Bututun iskar gas na AKK daga Ajakuta ya bi Kaduna ya nufi Kano, bai biyo ta Kebbi ba. Iskar da za ta iso nan a tirela za ta zo. Je ka ga gidan da za ka riƙa sha da idonka, ka tambayi direbobi sau nawa suke tarar da shi a rufe.

Mai lantarki kuwa ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai, ta dace da gajeren sawu irin na Birnin Kebbi zuwa Kalgo. Amma zafin Afrilu na gajiyar da batir, wutar Nepa kuma kun san halinta. In da janareto za ka yi caji, an gudu ba a tsira ba. Wannan ta gwamnati ce ko kamfanin da zai iya kafa solarsa.

Ni dai da mota ɗaya zan saya, mai fetur zan ɗauka mai lafiyayyen inji, in ajiye kuɗin juyawa har sai na ga famfon CNG yana aiki a kan layina.