Futurama ko Rick and Morty, wanne za ka fara kalla?

Kullum sai an min tambayar nan a kan waɗannan katun guda biyu. Futurama ta Matt Groening ce, ta fara a 1999, labarin Fry mai kai wa mutane pizza da ya faɗa na'urar daskarewa bai farka ba sai bayan shekara 1000, wallahi wani kashin har ƙwalla sai ka yi. Rick and Morty kuwa 2013 ta fito a tashar Adult Swim, kaka ne masanin kimiyya mashayi yake jan jikansa duniya-duniya, ashar da jini kam ba a magana. Duka biyun ba katun ɗin yara bane.

Mai son dariya a natse ya ɗau Futurama, wanda ke son labari mai gudu kuma baƙar magana bata dame shi ba Rick and Morty tasa ce.